Minti Hamsin Zuwa Skardu

Rozi Ali, mijin yayata Kulsum, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas tsakanin Skardu da Pindi, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa jin ya ambaci jirgin sama da alheri ba. Ni Shukur, shagon shayi gare ni a bakin tashar motoci. A nan yake zama duk ranar da ba ya kan hanya, a nan kuma ya ci gaba da zama bayan ya ajiye sitiyari. Direbobi na ce masa Ustad, wato malam, yaran unguwa na ce masa Apo, wato kaka. Ni da nake ƙanin matarsa, duk abin da ya zo bakina da shi nake kiransa.

Babu ranar da ta fi yi masa daɗi a da kamar ranar da gajimare ya rufe kwarinmu, don ran nan jirgi ba ya zuwa. Sai ka ga manya masu kwat da jakunkuna masu taya, waɗanda suka wuce mu da safe ko kallo ba mu ishe su ba, sun dawo tasha da azahar suna neman kujera. Rozi Ali yakan ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya kurɓi shayin gishiri, ya ce, "A'a, Sahib, ina tsuntsun naka? Ya hango hadari ya koma sheƙa? To shigo, mu ba ma tsoron ruwa."

Awa ashirin da biyu yake yi in hanya ta yi kyau. Sau ɗaya ya taɓa yin ta a awa goma sha tara, kuma babu wanda ya sha shayi a shagona sau biyu bai ji labarin awa goma sha taran nan ba.

Marziya ita ce ta uku a cikin 'ya'yansa huɗu. Tana aji biyar na firamare ta fara ɓata masa rai. Ina gidan ran nan, muna cin taliyar gida da romon rago, sai ga ta da taswirar makaranta da rula. Ta shimfiɗa taswirar kusa da kwano, ta ce, "Ata, kilomita nawa ne daga nan zuwa Pindi?"

"Ɗari bakwai da hamsin," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Kowace ɗaya na san ta da sunanta."

"A'a. Ɗari uku ne da 'yan kai. Na auna sau uku."

Ya ajiye cokali. "Wa ya gaya miki?"

"Rula."

"To gobe rular ta ɗauki fasinja ta kai su."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ɗora yatsa a kan layin da ta ja da fensir, ta ce ita dai in ta girma ta nan za ta riƙa bi, don zagayen da yake yi ya yi yawa, shi ya sa kullum ba ya gida. Kulsum ta kawar da kai tana danne dariya. Ni kuwa na ƙyaƙyata har romo ya sarƙe ni, kuma sai da ya yi kwana biyu bai shigo shagona ba.

Kan yarinyar nan ya ja a lissafi. Ta gama sakandare a nan, ta tafi Karachi, daga baya aka ba ta gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgi. Mutane sun yi ta zuwa wurin uban, wasu da murna, wasu da shawarar da ba a tambaye su ba. Shi abin da ya ce kawai, "Tuƙi dai tuƙi ne. In ta gaji da wasa a sama ta dawo in koya mata na gaske." Shekara bakwai ta yi tana zama a kujera ta biyu, mataimakiyar matuƙi. Ta je Dubai, ta je Jidda, ta je garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Ta yi ta roƙon ubanta ya hau jirgi ko sau ɗaya, ya ƙi. Ya ce shi abin da ba a iya tsayar da shi a sauka a duba taya ba abin hawa ba ne.

Ido ne ya karya masa taurin kai. Yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ma ta fara. Da fari ya ce ƙurar hanya ce ta shekara da shekaru, za ta wanke da kanta. Sai ranar da ya miƙa wa buhun dankali hannu a ƙofar shagona yana sallama, sannan ya yarda a kai shi asibiti a Pindi. Ni na raka shi, na bar wa babban ɗana shago. A bas muka tafi, ba sai na faɗa ba. Ya zauna a bayan direba yana gyara masa tuƙi tun daga Skardu har Pindi, alhali ko hanyar ba ya gani. Da muka sauka direban ya riƙe hannuna ya ce, "Don Allah in za ku dawo, ku gaya mini ranar, in ɗauki hutu."

Aka yi aikin lafiya. Da aka cire bandeji ya dube ni tsaf, ya ce, "Shukur, ashe haka ka tsufa? Ni ina ta yi maka kallon saurayi."

"Kai ma jira a ba ka madubi."

Bayan mako guda likitar ta sake duba shi. Mace ce mai ƙaramin jiki, amma ba a ja da ita. Ta ce ido ya yi kyau, sai dai ba ta yarda da ƙura da jijjigar mota na awa ashirin ba. Ko dai ya zauna a Pindi wata guda, ko ya hau jirgi. Rozi Ali ya fara yi mata bayanin yadda ya san ramukan hanyar ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Baba, idon bai san su ba."

Wata guda a zafin Pindi, ga lokacin girbin chuli ya zo, ɗan itacen nan ja mai zaƙi da muke shanyawa, itatuwansa goma sha biyu sun nuna suna zuba a ƙasa. Ya yi kwana ɗaya yana ƙunƙuni, sannan ya ce in kira 'yar.

A bazarar nan ne aka ƙara wa Marziya girma ta zama kyaftin. Ta zo masaukinmu da yamma cikin kayan gida, da mayafi, ta durƙusa ta sumbaci hannun ubanta, ta gaishe ni. Momo take ce mini, da yake ni ne ƙanin mahaifiyarta. Ta ce ta yi musayar aiki da wani abokin aikinta, ranar Talata ita za ta kai jirgin Skardu, kuma wannan ne karo na farko da za ta shiga kwarin gida tana kujerar hagu, ta kyaftin.

"Minti nawa?" in ji uban.

"Hamsin, Ata, daga tashi zuwa sauka."

"Ni a minti hamsin ko cunkoson Pindi ban gama fita ba." Ya ɗaga hannu ya nuna mata tsohon agogonsa mai ɗamarar ƙarfe. "Zan auna. Kar ki ce ban gaya miki ba."

Talata da sassafe muka isa filin jirgin Islamabad, nan kusa da Pindi. Ya sa sabuwar riga da farar hular ulu, da baƙin tabarau da likita ta ba shi, ya yi kama da wani babban ɗan siyasa. Aka ba shi kujerar taga ta hannun dama, ni ina gefensa. Jirgin ya cika. Rabi mutanenmu ne, leburori masu dawowa daga Karachi da ɗalibai da tsofaffi irinmu da suka je asibiti. Sauran sojoji ne da baƙi masu manyan takalma da za su hau duwatsu. A gabanmu akwai wani ƙaton mutum mai zobba a yatsu, ɗan kwangila ne daga ƙasa, tun da ya zauna yake ihu a waya kan siminti da wani taro da zai yi da ƙarfe goma.

Aka rufe ƙofa. Sai murya ta fito daga saman kanmu. Ta yi magana da Urdu, ta yi da Turanci: sunanta Kyaftin Marziya Rozi, nisan tafiya kilomita ɗari uku da ashirin, lokaci minti hamsin in Allah ya yarda. Sai kawai muka ji harshenmu na Balti, tsantsa, irin na unguwarmu.

"Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da hanya. 'Yarku ce ke jan ku yau. Ku zauna da kyau, gida za mu."

Jirgin ya ɗauki hayaniya. Wata tsohuwa a ɗaya gefen ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallah, 'yar gida ce! 'Yar wa ce wannan?" Na buɗe baki zan amsa, Rozi Ali ya mintsine ni a cinya har sai da na zabura.

"Rufe mini baki, ɗan shayi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bari mu ga tuƙin tukuna."

Amma na ga ya gyara zama, ya ɗaga kai.

Da jirgin ya fara gudu ya kafa wa agogo ido, ya kama hannuna ya matse. Da ƙasa ta sake mu ya fara salati a bayyane. Can ya matso kunnena ya ce, "Shukur, in wani abu ya kwance a nan, ina ake fakawa?"

"Ka tambayi 'yarka."

"Ko birki ban ji ta gwada ba kafin ta tashi."

Minti goma bai kalli taga ba. Daga baya ya ɗaga tabarau kaɗan, ya leƙa da sabon idonsa. Korayen duwatsu suka wuce, farare suka fara. Sai ga Nanga Parbat, dutsen da duk ranmu muke ɗaga kai mu kalla, yau yana tsaye daidai kafaɗarmu, dusar ƙanƙara na tashi daga kansa kamar hayaƙi. Baƙin nan suka yi ta ɗaukar hoto. Shi kuwa ƙasa yake kallo, can ƙarƙashi, inda kogin Indus ya zama kamar igiyar wando a cikin tsagi.

"Wancan farin zaren da ke manne da dutse fa?" ya tambaya.

"Hanyarka ce."

Ya manna goshi da gilashi. Ya daɗe. Sannan ya fara nunawa da yatsa. "Ga gadar Raikot. Wallahi ita ce. Awa goma sha huɗu nake yi kafin in iso nan." Ya dubi agogo. "Minti ashirin da takwas." Ya sake dubawa, ya kara agogon a kunne ko ya tsaya.

Na ɗauka ransa zai ɓaci. Mutum ya ga aikin rayuwarsa ya koma zare, ai ba daɗi. Sai na ji ya damƙi kafaɗata yana girgiza ni.

"Kalli, Shukur! Kalli inda nake bi da mutum arba'in! Ga dutse, ga rami, babu ko wurin da akuya za ta juya. Ni ne nan na yi shekara talatin da ɗaya a kan wannan abin?" Ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe ni ma ba ƙaramin mutum ba ne!"

Bayan minti arba'in jirgin ya fara sauka, kunnuwa suka toshe. Amma inda ya kamata mu ga kwarinmu da yashinsa da dogayen itatuwansa, sai muka ga fari fat, kamar an shimfiɗa auduga daga wannan dutse zuwa wancan. Kawunan duwatsu kawai suka huda suka fito. Jirgin ya karkata ya zagaya. Ya sake zagayawa. Ya zagaya na uku, ya ɗan yi ƙasa, sai muka ji injin ya ƙara ƙarfi, hancin ya ɗaga.

Muryar Marziya ta dawo, a natse kamar mai karanta wasiƙa. Ta ce gajimare ya rufe bakin kwarin, ta jira ko zai buɗe bai buɗe ba, ba za ta shiga inda ba ta gani ba. Za mu koma Islamabad. Ta ba da haƙuri da harsuna ukun.

Mutanenmu suka yi ajiyar zuciya, don mun saba. Ɗan kwangilar nan ne ya fashe.

"Na sani! Tun da na ji muryar mace na san yau an kashe mini aiki. Ɗan hazon nan? Namiji da tuni ya huda shi ya sauka. Wa ya ce a ba su jirgi? Ta je ta tuƙa tukunya mana!"

Wasu suka yi 'yar dariya. Ni jinina ya hau, na fara kwance ɗamarar kujera. Rozi Ali ya danne mini hannu. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu, ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa wa mutumin kafaɗa ta saman kujera.

"Sahib, ka taɓa tuƙa wani abu da rayukan mutane a bayanka?"

Mutumin ya waiwayo. "Ina ruwanka, tsoho?"

"Tambaya na yi. Ko amalanke?"

"Ina da direbobi uku."

"To ka saurara, direba zai yi maka magana." Bai ɗaga murya ba, amma muryar mutumin da ya saba magana a kan ƙarar inji ce, har layi biyar ana jin sa. "Wata shekara, farkon bazara, na taso daga Skardu da mutum arba'in da biyu. Mun wuce Shengus, rana tsaka, sama garau. Sai na ga tsakuwa uku sun gangaro kan hanya. Uku kacal, ƙanana kamar gyaɗa. Babu iska, babu akuya a sama. Na taka birki, na koma da baya, na kashe mota, na zare makulli na sa a aljihu. Akwai irinka a motar, har biyu. Babu sunan da ba su kira ni ba. Matsoraci, tsohuwa, ɗan ƙauye. Awa uku na zauna a kan dutse ina kallon gangaren nan."

Tsohuwar nan ta leƙo. "Sai dutsen ya zubo?"

"Bai zubo ba, Api. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙara faɗowa ba. Na tada mota muka wuce, suka zage ni har Pindi." Ya juya ga ɗan kwangilar. "Har yau ban san ko zai zubo ba. Ba aikina ba ne in sani. Aikina in kai mutum arba'in da biyu su sauka da ƙafafunsu su zage ni. Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa kai wa wata uwa gawa ba. Wadda ke gaban jirgin nan ta ga tsakuwarta, ta zare makulli. Ka zage ta in ka sauka, za ka sami bakin yi."

Wani soja ya yi tafi sau biyu, ya ji kunya ya daina. Sai wani mutum mai furfura daga baya ya miƙe rabi, ma'aikaciyar jirgi na yi masa alama ya zauna, ya ce, "Wannan murya! Ustad Rozi ne? Mai koren bas?"

"Shi ne."

"Kai ka kai ni Pindi ranar da zan shiga soja! Kai ka dawo da ni da amaryata!" Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe. "Marziya Rozi... Ustad, 'yarka ce?"

Rozi Ali ya mayar da tabarau, ya gyara zaman hula. "Ta uku," ya ce. "Akwai wasu ukun a gida."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Hannuwa ta ko'ina, ta saman kujeru, ta tsakaninsu. Tsohuwar ta kwance ƙullin mayafinta ta miƙo masa busasshen chuli cike da tafi. Baƙin nan suka tambayi abin da ke faruwa, wani ɗalibi ya fassara musu, su ma suka miƙo hannu. Ɗan kwangilar ya dulmuya cikin kujerarsa, ya rufe ido kamar mai barci, bai sake tari ba har muka sauka.

Kusan awa biyu muka yi a sama, muka sauka inda muka tashi. Muka zauna a zauren jira har mutane suka watse. Can sai ga Marziya cikin kayan aiki, da ratsi huɗu a kafaɗa, hula a hannu. Tafiyarta ta kyaftin ce, amma fuskarta ta yarinyar da ta fasa tulu. Ta tsaya a gabansa.

"Ata, ka faɗa. Na san akwai magana a bakinka. Tsuntsu ya ga hadari."

Bai yi dariya ba. Ya matsa ya ba ta wuri a benci. "Zauna. Me kika gani?"

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ta zauna ta ɗauki hannunta biyu ta yi masa kwari da su. Ta ce ga yadda ake shiga, tsakanin dutse da dutse, dole sai ido ya ga kogi da bakin kwarin kafin a sauke jirgi. A zagaye na biyu gajimaren ya ɗan tsage, har ta hango ruwa.

"Ƙofar ta isa?"

"Ta isa a shiga. Ban tabbata za ta isa a fito ba in ta rufe a bayana."

"Mataimakin da ke kusa da ke me ya ce?"

"Ya ce in ga dama. Wasu suna gwadawa."

"Man fa?"

"Akwai na zagaye biyu nan gaba, da na komawa, da ragi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar yadda yake yi in makanike ya faɗa masa gaskiya. "Hannunki ya yi rawa?"

"A'a. Zuciyata dai. Na san Amo tana filin jirgi tun asuba. Na san kana baya da agogo."

"Uwarki ta yi shekara talatin da ɗaya tana jira, kwana ɗaya ba zai kashe ta ba." Ya ɗora tafinsa a kanta, a kan gashin da ta ɗaure tamau, a gaban ma'aikata da masu shara. "Direba ce ke," ya ce. "Gobe ƙarfe nawa?"

Marziya ta sunkuyar da kai. Ni na tashi na je neman shayi, na samo wani ruwan zafi mai zaƙi a kofin takarda wanda ko kare ba zan ba ba.

Washegari sama ta wayi gari kamar an wanke ta. Kusan duk fasinjojin jiya ne, kowa ya shigo sai ya tsaya ya gaida Ustad. Ɗan kwangilar ma ya zo, ya wuce mu kansa a ƙasa, sai ya dawo da baya ya ce, "Baba, jiya zafin aiki ne." Rozi Ali ya ce, "Zauna, Sahib, ka ɗaura ɗamara."

Wannan karon bai riƙe hannuna ba. Muka wuce babban dutsen, muka bi kogi, jirgin ya karkata ya shiga tsakanin duwatsu har kana ganin tsagin jikinsu ta taga. Sai kwarin ya buɗe gaba ɗaya: yashi fari, kogi ya rarrabu, gonakin alkama, rufin gidaje shimfiɗe da chuli ana shanya, ja-ja kamar garwashi. Tayoyin suka taɓa ƙasa ba tare da ko haƙorinmu ya haɗu ba. Jirgin ya ɓarke da tafi da salati.

Ya dubi agogo. "Arba'in da takwas."

"Ta ce hamsin."

"Ta rage biyu. Jinina ne, ba ya son ɓata lokaci."

A waje Kulsum na tsaye da rabin unguwa. Labarin jiya ya riga mu isowa, don mai furfuran nan ya bi dangi da waya. Direbobin tasha sun zo da motoci uku, sun kawo farin mayafi na girmamawa har biyu, ɗaya na uba ɗaya na 'ya. Kulsum ta kama fuskar mijinta tana leƙen idon, shi kuma ya ce mata ashe har yanzu da sauranta. Ta doke masa hannu a gaban jama'a.

Wani matuƙi ne zai mayar da jirgin, Marziya ta sami hutun kwana biyu. Babban wanta ya zo da tsohuwar jif ɗin gidan. Direbobi suka ce atafau kyaftin ce za ta ja uban zuwa gida. Ta ce a'a, suka nace. Ta shiga ta zauna, uban a gefenta, ni da Kulsum a baya. Ta murɗa makulli, ta saki kuloci, jif ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Ta sake tayarwa, ta nemi giyar baya, motar ta yi gurnani ta zabura gaba, saura kaɗan ta ture teburin mai sayar da ƙwai. Direbobin tasha suka kwashe da dariya.

"Ata, shekara tara rabona da mota mai giya," ta ce, kunnuwanta sun yi ja.

"Na gani." Ya buɗe ƙofa zai zagayo.

"Likita ta hana ka!" in ji Kulsum daga baya.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje, ya yi tsaki, ya dawo ya zauna. Ya ɗora hannunsa a kan nata a kan sandar giya.

"To, Kyaftin. Taka na hagu har ƙasa. Har ƙasa na ce. Yanzu saki a hankali, kamar kina sauke jirgi."

Motar ta motsa. Daga filin jirgi zuwa gida kilomita goma sha biyar ne, sai da muka yi kusan awa guda, motocin tasha uku na biye da mu a hankali suna ta danna oda, shi kuma ya zuro kai ta taga yana ɗaga wa duk wanda muka wuce hannu.